Zoben Baba a Ƙarƙashin Kamiyo

Daren Laraba, sha biyu ga Rajab, Agadas

Yatsana na zugi, da ƙyar nake riƙe alƙalami.

Kamiyon kumandan, babbar motar kayansa, ta ƙi tashi tun shekaranjiya. Ƙanena Isufu ke tuƙa ta, ga zazzaɓi ya kayar da shi, kuma an ce in ba ta tashi gobe ba, a bakin aikinsa. Ya aiko mini: "Yaya, kai maƙeri ne, ƙarfe duk ƙarfe ne." Na je.

Abin da ya mutu demarer suke ce masa, shi ke tada inji. Akwai sabo a akwati. Isufu na jingine da bango cikin bargo yana faɗa mini, ni ina rigingine ƙarƙashin mota ina warware kusoshi. Ya ce in fara cire igiyar batiri. Na ce igiya ba ta cizo.

Zoben azurfar Baba da ke yatsana ya taɓa ta. Tartsatsi ya tashi, zoben ya zama garwashi a hannuna. Yatsan ya kumbura, dole Isufu ya yanke zoben da magagarina. Ya miƙo mini shi, ya koma cikin bargonsa. Da ma ya zage ni.

Na cire igiyar, na ɗaura sabon. Da la'asar motar ta tashi bugu ɗaya.

Gobe zan liƙe zoben. Amma Baba ya ƙera shi ba a ganin mahaɗi, kuma duk wanda ya san aiki zai ga wurin.