Hannu Biyu a Kan Kuɗin Bankin Lipa

Lipa, Nebraska
2 ga Yuli, 1996

Zuwa ga Kakana Otakar,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kaka Irma da duk mutanen gidanka a can Kodiak, garin masunta. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranka. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya sauka sau uku a watan jiya, masara ta kai ƙugu. Ƙanwarka, Kaka Vlasta, ta daina tuƙi tun da likita ya matsa mata, amma ba ta daina gaya wa mai tuƙa ta inda zai bi ba. Na gode da agogon da ka aiko mini na gama jami'a. Yana yin gaba da minti biyu kowane mako, na auna, amma ba ƙorafi nake yi ba.

Ka ji dai an ɗauke ni aikin wata shida a gidan tarihin gari, wanda yake cikin tsohon ginin bankin da mahaifinku ya yi aiki. Ranar 3 ga Agusta Lipa za ta yi bikin cika shekara ɗari da ashirin da biyar, kuma ni aka ba wa aikin baje takardun kuɗin da bankin ya fitar, tare da rubuta bayanin da za a kafa a kansu. Dole bayanin ya isa maɗaba'a ranar 19 ga wannan wata. A kan layi ɗaya na cikinsa nake rubuto maka.

Bari in jera maka abin da na samu, in na yi kuskure ka gyara ni. An buɗe Bankin Manoman Lipa ranar 14 ga Afrilu, 1903. Ana buga masa kuɗinsa a Washington da sunan garinmu a jiki, su zo ta jirgin ƙasa, takarda huɗu a falle ɗaya: ta dala goma guda uku, ta ashirin guda ɗaya, duk da lamba iri ɗaya. Wurin sa hannu a buɗe yake zuwa. Ma'aji ya sa nasa a hagu, shugaban banki a dama, sannan a raba su da almakashi. Mahaifinku, Baba Bohumil, shi ne ma'aji daga 1911 zuwa 1939. Shi ya sa kwamitin bikin ya riga ya tsara layin: duk waɗannan takardu, Bohumil Vondra ne ya sa musu hannu.

Mutanen gari sun ara mana takarda ashirin da bakwai. Na jera su bisa lambobinsu, kamar yadda aka koya mini, sai na ga abin da ban nema ba. Daga farko har zuwa lamba 3111, rubutun ya karkata dama, alƙalamin ya danne takarda. Daga nan gaba sunan bai canja ba, amma rubutun a miƙe yake, mara nauyi, ba na mutum ɗaya ba ne. Na duba da gilashin ƙara girma sau huɗu, a ranaku dabam-dabam, ko idona ne. Lamba 3112 kuwa ita ce fallen nan naku, wanda mahaifiyarku, Mama Ludmila, ta yanka ta raba muku ku huɗu a 1946, bayan rasuwar Baba. 'Ya'yan marigayiya Zdenka da na marigayi Emil sun ara mini nasu goma-goman. Na haɗa su da ta Kaka Vlasta, bakin yankan ya hau daidai. Tata ce ta sama, sa hannun cikinta a karkace yake, da ƙyar ake karanta shi. Biyun da ke ƙasa da ita sabon rubutun ne, tsaf.

Daga nan na koma tsofaffin jaridun gari. Ta 16 ga Oktoba, 1924, ta ce mura ta kwantar da ma'aji, zai yi mako biyu a gida. A shafin nan dai akwai labarin wani banki a garin maƙwabta da ya rufe, bayan manoma sun yi masa layi tun safe suna kwashe ajiyarsu. Hotunan Baba guda tara muke da su daga wannan shekara zuwa gaba. A duka taran hannunsa na dama yana cikin aljihun kwat. Mu a gida an ce mana yanga ce.

Kaka, mako guda na yi ina juya abin a raina. In na bar layin kwamiti yadda yake, na buɗe aikina na farko da abin da na san ba haka yake ba. In na canja shi, na taɓa mutumin da Kaka Vlasta take kai wa furanni maƙabarta kowace Lahadi. Ranar Talata na same ta a kicin tana murza ƙullun kolaci, burodin nan namu mai zaƙi, na shimfiɗa mata komai a kan tebur. Ba ta ko wanke hannu ba ta ce, "Ke 'yar boko, shekara huɗu muna biyan kuɗi don ki dawo ki ce ubana bai iya rubuta sunansa ba?" Na ce ba haka na ce ba, na ce da alama hannunsa ne ya shanye, wani ya riƙa sa masa. Ta ce in kwashe tarkacena kafin ta zuba musu gari. Na kwashe. Kwana uku ko wayata ba ta ɗauka.

Ranar Asabar sai ga ta a gidan tarihi, maƙwabcinta ya kawo ta, tana shigowa tana yi masa faɗa a kan ya biyo doguwar hanya. Ta ajiye littafin girkin Mama Ludmila a gabana, mai baƙin bango ɗin nan. Ta ce tun tana amarya take girki da shi, ta sha ganin shafin ƙarshe, tana ɗauka Baba ne yake gwada sabon alƙalami. Na buɗe. Sunan Bohumil Vondra ne, layi bayan layi, sau arba'in da uku. Na farkon ba su yi kama da komai ba. Na ƙarshen su ne a kan kuɗin. Harafin V ɗin kuma shi ne na cikin girke-girken Mama. Kaka Vlasta ta ce yanzu ta tuna, duk ranar da jirgi ya kawo kaya, akan kore ku waje a rufe ƙofar kicin, ku kuna zaton alewar Kirsimeti ake ɓoyewa, ko da a watan Yuni ne.

Ga abin da nake zato, kuma zato ne, ban da shaida a kansa. A fallen 3112 Baba ya gwada, hannun ya ƙi, Mama ta karɓi alƙalamin. Ba za su iya fitar da wannan falle ba, don duk wanda ya ga rubutun biyu a jere zai gane, kuma a shekarar nan jin cewa ma'aji ya nakasa ya isa ya tara layi a ƙofar banki. Abin da nake da shaida a kansa shi ne, bankin bai rufe ba, har a 1933 da bankuna da yawa suka durƙushe. Kuma ƙananan takardun da aka fara bugawa a 1929, waɗanda sa hannunsu na inji ne, rubutun Mama aka kwafa.

Kaka Vlasta ta yarda in gyara layin, amma ta ce kai ne babba, ba za a gaya wa gari abin da ba a gaya maka ba. Ga yadda na rubuta shi: "Bohumil Vondra, ma'aji. Daga Oktoba 1924, da hannun matarsa, Ludmila Vondra." In ka amince, ka bugo waya kafin ranar 18. In kana da abin da ka tuna, ko wanda ya saɓa wa nawa ne, ina so in ji. Sannan ina roƙon aron takardarka ta ashirin, don fallen ya cika. Kada ka naɗe ta, kada ka goge ta da komai, ka sa ta tsakanin kwali biyu ka aiko ta rajista. In ka kawo ta da kanka, ya fi.

Ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa: "Ki ce wa tsohon nan mai warin kifi, shekara hamsin ina jin haushin shi aka ba ashirin, ni aka ba ni goma mai karkataccen rubutu. Ashe ni Mama ta ba sa hannun Baba na ƙarshe. Ya riƙe ashirin ɗinsa, ba na musaya."

Ka gaida mini Kaka Irma, da Kawu Lumir da matarsa, da 'yan biyunsu. Mahaifiyata da mahaifina suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Jikarka mai ƙaunarka,
Milada