Ƙasa Mai Laushi a Gindin Ulu

Apia, ranar Talata

Zuwa ga aminina Pouono,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida Fuatino da jikoki, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta maka.

Na tabbata labari ya riga takardata isowa. Ɗana Uili ya rasu ranar Lahadi a asibitin da nake aiki. Mun yi iyakar abin da ilimi ya ba mu iko. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

Ina so in binne shi a ƙofar gidanmu na ƙauye a tsibirin Savai'i, kusa da kakanninsa. Ka san filinmu baƙin dutse ne, ɗan wurin da ke haƙuwa kuwa kabarin iyayena ya cinye shi. Ƙasa mai laushi ta rage ne kawai a gindin bishiyar ulu mai manyan 'ya'yan nan da ake gasawa a ci, kan iyakar nan da manyanmu da naku suka daina gaisawa saboda ita.

Dangina sun ce kada in tambaya. Ni kuwa na san wanda nake tambaya. Lokacin da manya ke jayayya, kai ne ke hawa bishiyar, ni ina ƙasa ina cafe 'ya'yan, domin tsoron tsayi. Kana jefowa kana cewa, "Ɗan makaranta, buɗe hannu, ba littafi ba ne!" Sai mu gasa a bayan ɗakin girkinku, mahaifiyarka ta zuba mana madarar kwakwa, ta yi kamar ba ta san ɗan wane ne ni ba.

Za mu taso a jirgin ruwan safiyar Juma'a. Ban tanadi wani wurin ba.

Naka har kullum,
Simanu

Savai'i, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Siniva,

Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan sanyin Auckland bai matsa muku ba. Kada rashin zuwanki ya dame ki. Ga yadda abin ya kasance.

Pouono bai amsa takardata ba. A cikin jirgi kawu ya yi ta maimaita cewa na jawo wa gida kunya, za mu tsaya da gawa a bainar jama'a. 

Da muka isa, mun tarar an haƙa kabarin. Ba a kan iyaka ba, can cikin filin su Pouono, inda inuwa ta fi kauri. Da kawu ya fara jawabin godiya da tabarmar girmamawa a hannu, Pouono ya ce, "Tsoho, naɗe ta, ba sayarwa na yi ba."

Bayan fasto ya gama addu'a, Pouono ya ture samari ya sauka ramin da kansa, da gwiwar nan tasa. Ya ɗago kai ya dube ni. "Ɗan makaranta," in ji shi, "yau kai ne a sama. Miƙo shi, ba zan bari ya faɗi ba."

Kin san ban zubar da hawaye a asibiti ba, haka ma a coci. A nan ne abin ya fi ƙarfina.

Na miƙa masa shi, ya karɓa.

Yayanki,
Simanu