Shayin Lahadi a Kan Rigar Umma

Anti, ki taimake ni don Allah, kwana tara suka rage mini.

Ummanmu ta rasu shekara uku da suka wuce. Da aka raba kayanta, rigarta ta siliki ta faɗa hannun Autarmu. Riga ce doguwa, ruwan madara, da ƙananan duwatsu a wuya, mara nauyi kamar a hura ta ta tashi. Auta tana jami'a, sai ta bar mini ajiya, ta ce ranar liyafar kammala karatunta za ta sa. Ranar ce saura kwana tara.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk Lahadi da la'asar nakan rufe ƙofa in sa rigar. Aikina a ɗakin karatu ne, wuni nake cikin shiru, amma shirun Lahadin nan daban yake. Nakan zauna a kujerar bakin taga da kofin shayi, rana tana ratsa labule tana sauka a cinyata, in yi ta kallon tufafin maƙwabta suna rawa a kan igiya. Rigar har yanzu tana ƙamshinta: turarenta, da ɗan man zafin da take shafa wa gwiwa. In na lumshe ido sai in ji kamar tana kicin, yanzu za ta kira ni in sauke mata tukunya.

Lahadin da ta wuce na ɗago kai, na ga mace a gilashin taga, ta karkata kai yadda Umma ke yi. Ni ce, amma kafin in gane kofin ya kife. Baƙin shayi, babu madara, tabo kamar tafin hannu a kan cinya.

Na ruɗe na goga da tawul da ruwan ɗumi, sai ya ƙara faɗi. Maƙwabciyata ta ce gishiri da lemun tsami, abokiyar aikina ta ce man goge baki. Ban yi ko ɗaya ba. Na kai wa mai wankin zamani, ya ce sai dai ya wanke rigar gaba ɗaya. Har ya miƙo hannu na fizge abata na fito, yana kallona kamar mai taɓin hankali. In ya wanke, ƙamshin ya tafi ke nan, kuma ba ni da inda zan sake samo shi.

Yaya zan cire tabon ba tare da na wanke Umma daga rigar ba? Auta ba ta sani ba.

Mai Zaman Bakin Taga

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Umma. Bari mu fara da siliki, don ya fi zuciya saurin lalacewa.

Ki gode wa Allah ba ki bi shawarar masana biyun nan naki ba. Man goge baki na haƙori ne, lemun tsami kuma yana iya cinye launin ya bar miki sabon tabo mai haske. Gugar da kika yi da ruwan ɗumi ita ce kuskuren, kada ki ƙara. Zafi yana zaunar da tabon shayi, saboda haka dutsen guga, ruwan zafi, rana da bilic duk su yi nesa da rigar nan.

Ki shimfiɗa wurin tabon a kan farin tawul. Ki sa ɗigo biyu na sabulun ruwa mai laushi, irin na wanke kan jarirai, a kofin ruwan sanyi. Ki fara gwadawa a cikin kalmasar ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. In launi bai motsa ba, ki tsoma farin ƙyalle ki riƙa dannawa a hankali, daga bakin tabon zuwa tsakiya. Dannawa na ce, ban ce cuɗawa ba. In ya yi taurin kai, ki sa cokali ɗaya na farin khal, wato ruwan tsamin binega, a kofin ruwa, ki sake dannawa, ki bi da ruwa zalla, ki bar ta ta bushe a kwance a inuwa. In zobe ya rage, ki koma wa mai wankin, ki ce wurin kaɗai za a taɓa. In ya ƙi, ba shi kaɗai ya iya sana'ar ba. Ƙamshi a wuya da kafaɗa yake zama, ba a cinya ba, don haka hankalinki ya kwanta.

Sai dai zan gaya miki abin da ba ki tambaya ba. Shekara uku Lahadi wajen ɗari da hamsin ke nan. Ƙamshin da kike gadi, rabinsa naki ne yanzu. Ban ga laifi a nan ba, haka 'ya'ya mata suke zama iyayensu, ba tare da an sanar da su ba.

Laifin ɗaya ne: rigar ta Auta ce. Kewarki gaskiya ce, amma ita ma uwa ta rasa, kuma ita ko kujerar bakin taga ba ta samu ba. Ki kira ta yau, kafin ki taɓa sabulu. Ki gaya mata tabon, ki gaya mata Lahadin ma, don ita ce ainihin labarin. Tana iya yin fushi, tana da haƙƙi. Tana kuma iya ce miki a bar rigar yadda take. Wannan hukuncin nata ne, ki daina yanke mata shi a ɓoye.

Allah ya sa tabon ya fita salin alin, ya kai ku ranar lafiya. Ke ki ɗaure mata maɓallin baya da hannunki, sa'an nan ki ja baya ki bar ta ta fita da ita.

Antinki