Ni Na Ci Mutuncin Ƙawata Da Ɓoyayyen Suna, Wani Aka Ɗora Wa Laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ina roƙon ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin wani ya ce a kan fim kawai ake wannan dogon rubutu, ya daure ya karanta har ƙarshe, don yau sama da sati ke nan abinci ba ya shiga cikina da daɗi.

Ni matar aure ce, muna zaune a Taman Melati a nan Kuala Lumpur, maigidana yana digiri na uku. Tun ina ƙarama a Kano nake son wani fim na kimiyya, irin na jiragen sararin samaniya da wasu duniyoyi, mahaifina ne ya saba min da shi tun zamanin kaset. An daɗe ana yin sa kashi bayan kashi, daga baya aka mayar da shi mai dogon zango. Akwai wani furodusa da ya riƙe shi shekara da shekaru, shi ke yanke abin da zai shiga labarin, kwanakin baya ya sauka aka ba wani. Tun da ya sauka masoya fim ɗin suka rabu biyu, wasu na cewa shi ya raya shi bayan ya kusa mutuwa, wasu na cewa shi ya kashe shi. Ni ina cikin na biyu kuma ba na ɓoyewa. Ya kashe tsohon kyaftin ɗin da muka taso muna so, ya sauya tarihin da aka gina tun farko kamar mu da muka haddace shi ba mu san abin da muke ba.

Muna da guruf a waya na 'yan Najeriya mazauna nan masu son fim ɗin, ba mu da yawa, in sabon kashi ya fito mukan haɗu mu kalla tare. A nan na san Anti Rifkatu, 'yar Jos ce, tana aiki a wani otal a Bukit Bintang. Wannan baiwar Allah ta wuce ƙawa a wurina. Ranar da naƙudar ɗana Hanif ta tashi maigidana yana wani gari wajen taro, ita ta baro aiki ta kai ni asibiti, ita ta fara ɗaukar yaron, kuma sati biyu tana tashi daga aiki ta biyo ta yi min wanki. Na san tana son zamanin wancan furodusa, mukan yi musu mu yi dariya, ta ce min 'yar gargajiya, in ce mata ba ta san fim ba. Ban taɓa tambayar ta dalilinta ba.

Ban da guruf ɗinmu akwai wani babban shafi na masoya fim ɗin na duk duniya, da Turanci ake rubutu, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Ina da nawa a can, ko maigidana bai san shi ba. Ranar Laraba ta makon jiya da rana, Hanif ya ƙi barci, raina a ɓace, na shiga shafin na tarar da wani dogon rubutu na kare furodusan. Mai rubutun ya ce yana da ƙane mai in'ina, yara suka hana shi sakat har ya daina magana a aji, sai furodusan nan ya shigo da wani matuƙin jirgi mai in'ina, ba don a yi masa dariya ba, kowa a jirgin jira yake ya gama magana kafin a motsa. Ya ce daga nan ƙanen ya fara ɗaga hannu a aji. Ya ce ƙanen ya rasu, shi ya sa ba ya iya jurewa in an ce mutumin nan bai bar komai ba. Da yake Turanci ne ban gane mace ce ko namiji ba, ni na ɗauka wani Bature ne can wata ƙasa.

Wallahi ban san me ya hau kaina ba. Na rubuta masa cewa mutuwar ƙanenka ba za ta mayar da shirme ya zama fim mai kyau ba, ka daina jawo gawa cikin musu don ka rasa hujja. Na ƙara da wata magana a kan in'inar wadda ko a nan ba zan iya maimaita ta ba. Mutane suka yi ta danna laik, wasu na dariya, kuma gaskiya a lokacin na ji daɗi. Ban lura ba ashe cikin zafi na fara rubutun da "haba", na ƙare shi da "lah" irin na mutanen nan.

Washegari da la'asar sai ga Anti Rifkatu da ledar shinkafa da ta sayo mana a gidan abinci, abin da 'yan nan ke ce wa tapau, idanunta a kumbure. Ko zama ba ta gama yi ba ta miƙo min wayarta ta ce, "Maman Hanif, karanta wannan ki gaya min me na yi wa mutumin nan." Na duba, rubutuna ne. Ita ce mai ƙanen. Ta ce sunansa Dauda, ciwon sikila ne ya ɗauke shi kafin ta zo nan, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa a ƙasar nan ba, shi ya sa ta rubuta inda ba a san ta ba. Ta kwantar da kanta a kafaɗata tana kuka. Ni kuma maimakon in faɗi gaskiya, bakina da kansa ya ce, "Anti, wanda ya rubuta wannan ba shi da imani."

Da ta share hawaye sai ta nuna min "haba" da "lah" ɗin, ta ce wannan Bahaushe ne kuma a Malesiya yake, ba zai wuce ɗan guruf ɗinmu ba. Nan take zarginta ya faɗa kan Malam Auwal, abokin karatun maigidana, sashe ɗaya suke. Duk guruf ɗin ba wanda ya kai shi zagin furodusan, kuma ya taɓa kwaikwayon in'inar matuƙin jirgin muna cin abinci a wani gidan abinci irin wanda ake ce wa mamak a Setapak, kowa ya tuna. Na ce mata kada ta yi gaggawa, amma a hankali na faɗa, ban dage ba. Ta ɗauki hoton rubutun ta saka a guruf ta kira sunansa. Ya musanta, ya rantse, ba wanda ya saurare shi, aka cire shi. Ni kuma tsoro ya sa a ranar na goge ɓoyayyen sunan nawa gaba ɗaya, sai aka ce to ga shi nan, ana cire shi ya gudu ya goge, me ya rage kuma. Da hannuna na ƙara masa.

Yanzu maganar ta bar kan fim. Wasu sun fara cewa don ita Kirista ce ya yi mata haka, wasu na cewa don shi Musulmi ne aka yanke masa hukunci ba shaida, mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya da salla da Kirsimeti. Shekaranjiya na haɗu da matarsa a tashar jirgin ƙasa ta LRT, ta riƙe hannuna ta ce mijinta ya daina fita sai dole, wani ɗan Kaduna da suke aikin bincike tare ya daina amsa masa waya. Ta ce, "Ke kin san Baban Iman, bakinsa ne da kaushi, amma ba zai taɓa mamaci ba." Na ce mata Allah zai bayyana gaskiya.

Ban canza ra'ayi a kan furodusan ba, har yanzu ina ganin ya ɓata abubuwa da yawa. Amma jiya na kunna kashin da matuƙin nan ya fara fitowa, yana buɗe baki ya fara kokawa da kalmar farko na kashe, na kasa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, jibi Asabar za a yi zaman sulhu, kuma a gidana. Maigidana aka zaɓa ya shiga tsakani saboda kowa na ganin girmansa, har ya ce in dafa abincin mutum goma. Malam Auwal ya ce da alwalarsa zai zo, zai dafa Alƙur'ani a gaban kowa, sannan ya bar wanda ya yi wannan abu da Allah. Anti Rifkatu kuma ta ce in zauna kusa da ita, wai ni kaɗai ta yarda da ni a garin nan. Ba wanda zai iya gano ni tunda na goge komai, in na yi shiru shi ke nan, sai dai bawan Allan nan ya ci gaba da ɗaukar abin da bai yi ba. Na yi tunanin buɗe wani sabon suna in rubuta cewa ba shi ba ne, amma na san cewa za a yi shi ne ya buɗe. In kuma na faɗa, ban san da wane ido zan kalli matar da ta yi min abin da 'yar uwa ta jini za ta yi ba, ga maigidana da zai ji kunya a gaban abokan karatunsa, mutum ne da ba ya ɗaukar ƙarya ko kaɗan.

Don Allah wa zan fara faɗa wa, shi ko ita? In same ta ita kaɗai kafin Asabar, ko in bari sai an taru in wanke Malam Auwal a gaban waɗanda suka zarge shi? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. Yanzun nan ina wannan rubutu saƙonta ya shigo, tana tambaya ko ta zo da wuri ranar Asabar ta taya ni girki. A saman wayar na gan shi, ban buɗe ba tukuna, ku gaya min me zan ce mata.