Kwana Sha Tara Na Hansai

Zuwa ga taubashiyata Hansai, Runka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kawu Usaini da Inna. Ya ƙafar Kaka? Sammani direba ne zai kawo miki wannan, don an hana mu riƙe waya a makarantar nan.

Baiwata, da kin ga inda uwar ɗakinki take a Kaduna da kin daina yi mini rashin kunya. Tuwo ma da cokali ake cinsa. Fiddausi, wadda muke ɗaki ɗaya, ɗiyar wani babban ɗan kwangila ce, ba ta taɓa wanke ko ɗankwalinta ba. Ba ta da mugunta, amma ta tambaye ni ko a Batsari muna kwana a kan bishiya saboda 'yan bindiga. Kayan makaranta iri ɗaya muke sawa, sai dai takalmi yana tona asirin kowa. Mu biyar da ake biya mana kuɗin karatu, 'yan tallafi ake kiranmu.

Duk shekara akwai ranar iyaye, inda 'yar tallafi ɗaya ke tashi ta ba da labarin inda ta fito don masu hali su buɗe aljihu. Bana ni Madam, shugabar makaranta, ta zaɓa. Na rubuta cewa Baba masinja ne a sakatariya, kuma sau biyu muke cin abinci. Ta karanta ta taɓe baki, wai wannan ba zai sa kowa hawaye ba, ko ba daga Batsari nake ba? Ta kuma tuna mini cewa duk shekara ake sabunta tallafi. Ashe talaucinmu ma ba shi da farin jini.

Ki gaida kowa.

Taki,
Naja'atu

*

'Yar uwata Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Yau ba wasa a bakina.

Na ci amanarki. Da na rasa abin da zai gamsar da Madam, labarinki na bayar, na ce ni ce. Na faɗi yadda 'yan bindiga suka ɗauke ki a gonar gyaɗa da hantsi, da kwana sha tara a daji, da dafa musu shinkafa da ruwan kududdufi, da shanun da aka sayar aka karɓo ki. Har tabon igiya a wuyan hannu na ambata, ina jan hannun rigata kamar ina ɓoye shi. Ni da kika gaya wa a bayan rumbu, bayan kin sa na rantse.

Na san Kawu ya ce wa mutanen gari jinya kika je Dutsinma, kuma ko masu zato sun kama bakinsu saboda mutuncinsa. Na ce wa kaina Kaduna ina, Runka ina? Ban san ana ɗaukar bidiyo ba. Ko kuwa na ga mai ɗaukar na kawar da kai, Allah ne masani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ji daɗi. Na yi kuka a gaban jama'a, matan manya suka yi ta share ido da gyaluluwa masu tsada, mahaifiyar Fiddausi ta rungume ni tana ƙamshi. Tun ranar ba wadda ta sake kallon takalmina. Ke kika fi ni ƙoƙari tun firamare, ke ce ba ki samu zana jarrabawar tallafin ba saboda kina hannunsu a makon, sai ga shi da wahalarki na gyara zamana.

Ki zage ni, amma ki rubuto.

Naja'atu

*

Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata.

Sammani ya zo ranar ziyara hannu rabbana, ba takarda. Shi ya gaya mini bidiyon ya zaga wayoyin Runka har Safana. Kowa ya san ba a taɓa ɗauke ni ba, kowa kuma ya san mai gonar gyaɗar da mai tabo a hannu. Ya ce iyayen Kamalu, da kuka daɗe kuna son juna, sun ɗage kawo kayan sa rana ba tare da sun faɗi dalili ba, kuma Kawu ya daina zama a majalisa.

Na je wurin Madam na faɗa mata gaskiya, na roƙe ta a cire bidiyon daga shafin makaranta. Ta ce labarin dai ya faru da wata, saboda haka ba ƙarya ba ne, kuma albarkacinsa za a ɗauki ƙarin yara goma baɗi. Ta ce in na matsa sai an tara iyaye an faɗa musu, to in fara haɗa akwatina. Na tsaya ina kallon kafet. Daga nan na yi mata godiya, Hansai, na koma aji. Ba ni da ƙarfin halin da zan dawo gida.

Saƙonki na baki ya iso. Sammani ya ce kin ce in zauna in gama karatuna, tunda an riga an biya. Ya ce kuma gyara ɗaya gare ki a labarin: ni na yi kuka a bidiyo, ke kuwa duk kwana sha taran nan ba ki bari sun ga hawayenki ba, sai ranar da aka nuna miki ni a waya.

Ban san da wane baki zan nemi gafararki ba, amma ina nema.

Naja'atu