Layin da Ka Tura Mu Ba Ka Shiga Ba

Zuwa ga Dakta, malamin falsafa a jami'a, ɗan garinmu Jiga Makera.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ban sa sunanka ba don girman mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, amma daga Aliero har Jega ba wanda zai kasa gane ka. Ni ne Bello da kuka zauna benci ɗaya a firamare, kai ka wuce gaba, ni na koma fadama. Na aika maka saƙo ta bakin ƙanenka, na sake aikawa ta direban motar Sakkwato, shiru kake ji. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Da aka ba mu jihar Kebbi, zaɓe ya matso, ka zo gida ka tara mu a filin makaranta. Ka ce falsafa ba wani abu ba ne illa mutum ya nemi dalili kafin ya yarda. Ka ce dimokuraɗiyya ita ce talaka ya zaɓi wanda hankalinsa ya kwanta da shi, ko da ubangidansa bai so ba. Wallahi maganar ta shige ni. Ni da ko a gida ba na doguwar magana, sai ga ni ina yi wa mutane bayaninta a kasuwar Jega, har 'yan albasa suka laƙaba mini Ƙaramin Dakta.

Na biyu. Ka san zaɓen nan na layi ne. A kafa hoton ɗan takara, mai son sa ya tsaya a bayansa da rana tsaka, kowa na kallon kowa. Ka kuma san fadamar da nake nomawa aro ce, ta Alhajin da mahaifina ya yi wa barantaka. Ran zaɓe Alhaji ya sa kujera daidai layin ɗan takararsa. Na gaishe shi, na wuce ɗaya layin. Na yi ta waige ko zan hango ka, har aka gama ƙirga.

Na uku. Daga baya na ji ashe kana wani taron masana a birni. Na kuma ji ka da kunnena a rediyo kana yabon zaɓen layi, wai yana koya wa mutanen karkara tsayuwa a kan ra'ayinsu. Ya koya mana kam. Alhaji ya aiko cewa bana kada in taka fadamarsa. Irin albasata ya isa dashe, ba ni da inda zan kai shi. Na je har Andarai wajen dangin matata neman fili, duk an riga an raba. Da albasar nan nake ciyar da gidana.

Dakta, ban ce ƙarya ka faɗa mana ba. Har gobe ina ganin gaskiya ce, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Amma ka san wanda ke riƙe da gonakinmu, ba ka faɗa mana abin da zai biyo baya ba. Mene ne aikin mai ilimi a cikin jama'arsa? Ya zuga su ya koma ofis? Albashinka bai san layin da ka bi ba, mu kuwa tuwonmu ya sani.

Ga roƙona. Ka zo mu tafi wurin Alhaji tare, yana jin nauyinka, kuma kai ka iya kawo dalili. In za ka sake tara manoma, ka faɗa musu gaskiyar duka, har da abin da za ta jawo musu, ran zaɓe kuma a gan ka a layi.

Alhaji ya ba ni mafita. Ya ce zai mayar mini da fadama in na tsaya a ƙofar masallacin Juma'a na ce ruɗa ni aka yi. Har yanzu ban faɗa ba, amma iri ba ya jira. In Juma'a mai zuwa ta yi ban gan ka ba, zan tashi in faɗa, kuma ba zan ji cewa na yi ƙarya ba.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya tsare ka da iyalinka, ya sa mu gama lafiya.

Wassalam.

Bello mai albasa,
Jiga Makera.