A Cire Sunana Daga "Rijiyar Jiya"

Gwadabe Ibrahim Sheshe,
Unguwar Sheshe, Birnin Kano.
14 ga Fabrairu, 2000.

Mai Girma Babban Manaja,
Gidan Talabijin na Hasken Dala,
Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SUNANA DA AKE SAWA A ƘARSHEN WASAN "RIJIYAR JIYA"

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne mai suna a sama, tsohon malamin tarihi, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli. A zamanin soja na iya bakina. Yanzu da aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, ina neman izinin buɗe shi.

Ranar 9 ga Oktoba, 1999, mai shirya wasan, Malam Sule, ya same ni a soro. Ya ce labarin Tanko ne, mai gyaran rediyo, wanda ya faɗa rijiya ya ɓullo a Kanon shekara ta 1850. Na yi masa bayani har shayinsa ya huce, bai rubuta ko harafi ba. Sai ga shi kowace Alhamis ana rubuta "Mashawarci kan tarihi: Malam Gwadabe Sheshe." Ga kaɗan daga abin da aka ce ni na ba da shawararsa:

1. Ranar 6 ga Janairu, madugu Isyaku, jagoran fatake, ya duba agogon hannunsa kafin ya ta da ayari. Agogon ma irin mai batir.

2. A wannan ranar, jikin bangon Ƙofar Wambai akwai hoton ɗan takarar kansila. Ban san an fara yaƙin neman zaɓensa sama da shekara ɗari kafin a haife shi ba. Allah Ya saka wa haƙurinsa.

3. Ranar 20 ga Janairu kibiya ta sami madugu a kafaɗar hagu. Mako na gaba aka ɗaure masa ta dama. Ya rasu, aka yi masa sutura, mata suka yi kuka har a gidana. Ranar 10 ga Fabrairu sai ga marigayin a kasuwa yana taya goro, ɗan acaɓa na wucewa ta bayansa.

4. Wannan ya fi yi mini ciwo. Ɗaliban da na kora daga aji saboda kuskuren shekara ɗaya, yau furfura gare su, suna tare ni bayan sallar Juma'a su tambaye ni ko ƙarfe nawa ne a agogon madugu. Ɗaurin aure biyu na fasa zuwa. Ranka ya daɗe, ba ni da gona, ba ni da rumfa. Sunan nan kaɗai na tara.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a cire sunana daga wasan, a kuma sanar a labaran yamma cewa ba ni da hannu a ciki.

A ƙarshe, maiɗakina Hajiya Turai, wadda ba ta taɓa rasa kallonsa ba, ta ce kada in rufe takarda ban tambaya ba ko Tanko zai dawo gida. Ni ba ruwana da amsar, amma a haɗo ta da amsar wannan takarda a ambulan ɗaya.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira.

Naka mai biyayya,
(Sa hannu)
Gwadabe Ibrahim Sheshe